Labarin Gundumar Bomst, Inda Jamusawa da Mutanen Folan Suka Zauna Tare

Idan muka buɗe taswirar Turai ta yau muka nemi Gundumar Bomst, ba za mu same ta ba, ko da mun wuni muna dubawa, gama an shafe ta tun cikin shekarar 1938. Amma garuruwanta suna nan a yammacin ƙasar Folan, sai dai sunayensu sun sake. Abin da ya sa muka zaɓe ta don darasinmu na yau shi ne, wanda ya ke so ya gane yadda mulki ya ke taɓa talaka, gara ya ɗauki ƙaramar gunduma guda ya bi labarinta daki daki, da ya haddace sunayen sarakuna ɗari. Wannan gunduma kuwa, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 1,000 da kaɗan ba, amma a cikin shekara 150 ta sake iyayengiji har sau biyar ko fi, an kuma tsaga ta biyu.

Ku duba birnin Poznan, wanda Jamusawa su ke kira Posen. Ku yi yamma maso kudu wajen kilomita 70, za ku tarar da wani gari a tsakanin tafkuna biyu, sunansa Wolsztyn, Jamusawa kuwa su kan ce Wollstein. Nan ne hedkwatar gundumar ta ke. Garin Bomst da aka sa wa gundumar sunansa, wanda mutanen Folan su ke kira Babimost, ƙarami ne, yana can gefen yamma. Kun ga tun daga farko suna yana wani wuri, iko yana wani wuri. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, mai yashi da dazuzzuka da fadamu, kogin Obra ya ratsa ta yana tafiya a hankali.

Tun asali ƙasar Sarkin Folan ce. To, yaya aka yi Jamusawa suka yi yawa a cikinta? Ba da yaƙi suka fara shigowa ba, gayyatarsu aka yi. A lokacin yaƙin shekara talatin da aka yi a ƙasashen Jamus, daga 1618 zuwa 1648, Kiristoci 'yan ɗariƙar Furotesta da yawa suka gudo daga Silesiya don tsoron sarakunan Katolika. Manyan masu ƙasa na Folan suka karɓe su hannu biyu biyu, domin masaƙa ne da masu sana'a, kowa kuwa yana son mai biyan haraji. Har aka kafa musu garuruwa: Unruhstadt ta sami takardar zama gari a 1661, Rakwitz kuma a 1662. Daga baya aka kawo waɗansu manoma Jamusawa don su sare daji su busar da fadamu, aka ba su ƙasa bisa sharaɗi. Akwai kuma Yahudawa a cikin garuruwa, suna ciniki. Galibi dai ɗan Folan Katolika ne, Bajamushe kuwa Furotesta, amma ba duka ba. Akwai Jamusawa Katolika, akwai kuma ƙauyen Chwalim inda mutane su ke Furotesta amma harshensu na gida dangin na Folan ne. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A 1772 da 1793 da 1795 ne maƙwabta uku, watau Rasha da Furushiya da Ostiriya, suka yi wa ƙasar Folan rabon nama har ba ta saura. A rabo na biyu, na 1793, wannan yanki ya faɗa hannun Sarkin Furushiya, wanda gadon sarautarsa ya ke Berlin. Mutanen Furushiya kuwa Jamusawa ne masu son tsari da rubuce kome a takarda. Suka yanka ƙasar gunduma gunduma, kowace suna kiranta Kreis, a bisa kowace kuma suka ɗora wani ma'aikaci mai suna Landrat. Ba a daɗe ba Nafoliyon na Faransa ya karya rundunar Furushiya a 1806, ya ƙwace yankin a sulhun Tilsit na 1807, ya haɗa shi da wata sabuwar ƙasa da ya kafa wa mutanen Folan, mai hedkwata a Warso. Da Nafoliyon ya faɗi, taron sarakunan Turai na Biyana ya mayar wa Furushiya da yankin a 1815. A farkon 1818 aka sake daidaita iyakokin gundumomi, Gundumar Bomst ta sami siffar da ta zauna a kai shekara ɗari.

Ya kamata mu tsaya mu ga yadda matakan mulkin su ke. Can sama akwai Lardin Posen, da babban shugabansa wanda sarki ya ke naɗawa. An raba lardin yanki biyu, na Posen da na Bromberg, Bomst kuwa tana cikin na Posen. A ƙarƙashin yanki sai gunduma, a ƙarƙashin gunduma sai garuruwa da ƙauyuka da gandayen manyan masu ƙasa. Shi Landrat, in mun kwatanta shi da abin da aka sani a Nijeriya ta Arewa zamanin Turawa, sai mu ce yana tsakanin hakimi da Di'o. Kamar hakimi, sau da yawa ɗan ƙasar ne, mai gandu a cikinta, ya san kowa. Kamar Di'o kuma, ma'aikacin gwamnati ne mai albashi, yana aika rahoto sama, ana kuma iya tuɓe shi. Haraji, da ɗaukar samari aikin soja, da gyaran hanyoyi, da 'yan doka, da ba da iznin gini ko na buɗe kanti, duk sai sun bi ta teburinsa. Wani daga cikinsu, Hans Wilhelm von Unruhe-Bomst, ya riƙe gundumar wajen shekara 40.

Da fari an yi wa mutanen Folan alkawari mai daɗi. A 1815 Sarki Friedrich Wilhelm na Uku ya yi shela cewa za a kiyaye addininsu, za a kuma yi aiki da harshensu tare da Jamusanci a al'amuran hukuma. Ya naɗa wani basaraken Folan, Antoni Radziwill, wanda ya ke auren 'yar gidan sarautar Furushiya, ya zama wakilinsa a Posen. Masu ƙasa, waɗanda da yawansu 'yan Folan ne, su ne su ke zaɓen wanda za a naɗa Landrat. Amma da 'yan'uwansu na ƙarƙashin Rasha suka yi tawaye a 1830, Berlin ta tsorata. Aka kawo wani shugaban lardi mai tsanani, Eduard Flottwell. A 1833 aka karɓe wa masu ƙasa ikon zaɓen Landrat, gwamnati ce kaɗai ta ke naɗawa. A 1836 kuma aka sake yanka kowace gunduma ƙanana ƙanana, aka sa wa kowane yanki wani kwamishina, galibi tsofaffin sojoji Jamusawa, ikon 'yan doka na ƙauyuka ya koma hannunsu. Abin lura shi ne, a 1872 da aka yi dokar da ta ba gundumomin gabashin Furushiya hannu a cikin gudanar da al'amuransu, an ware Lardin Posen ba a sa shi ciki ba, don gudun kada majalisun gunduma su koma hannun 'yan Folan.

Bayan an haɗa ƙasashen Jamus sun zama daula ɗaya a 1871, a ƙarƙashin jagorancin Bismarck, sai aka juyo kan harshe. A 1873 aka ce Jamusanci ne harshen koyarwa a makarantun elementare na lardin, sai darasin addini kaɗai aka bari. A 1876 aka yi doka cewa Jamusanci kaɗai ne harshen ofis. A 1887 aka daina koyar da harshen Folan ko a matsayin darasi. Ku yi tunanin tsohuwa ta zo Wollstein a kan maganar gadon gonar mijinta, ita ba ta jin Jamusanci, akawu kuwa ko yana jin harshenta ba a yarda ya rubuta da shi ba. Ku yi tunanin yaro ɗan shekara shida, malami yana yi masa magana da harshen da bai taɓa ji a ɗakin uwarsa ba. A ganinmu nan ne gwamnatin Furushiya ta yi babban kuskurenta. Manomin da da bai damu da kowace tuta ba, muddin an bar shi da gonarsa da majami'arsa, shi aka mayar ɗan kishin ƙasa. A 1906 da 1907 dubban yara a lardin suka ƙi amsa tambayar darasin addini da Jamusanci, aka yi ta bulala da cin iyayensu tara.

Kada mu yi wa mulkin nan rashin adalci, gama ya yi ayyuka masu amfani. An shimfiɗa hanyoyi da layin dogo, an haƙa magudanai a fadamun Obra, an tilasta kowane yaro shiga makaranta har karatu da rubutu suka game ƙasa. Kowace gunduma kuma tana da likitan gwamnati, wanda aikinsa shi ne yi wa yara lambar agana, da lura da annoba, da rubuta shaidar mutuwa. A 1872 aka ba wani saurayi wannan aiki a Gundumar Bomst, sunansa Robert Koch, wanda ya taɓa zama likita a Rakwitz. A lokacin ciwon saifa yana kashe tumaki da shanu a gonakin gundumar, har ya kan kama mutane. (Jamusawa ma da sunan saifa su ke kiran wannan ciwo.) Koch ba shi da ɗakin bincike, sai ya raba ɗakin ganin marasa lafiya na gidansa da labule, ya ajiye madubin ƙara girman abu da ɓeraye a baya. Ya reni ƙwayar cutar a cikin ruwan idon sa, ya ga yadda ta kan dunƙule ta zama kamar iri, ta daɗe a cikin ƙasa tana jiran dabba. A 1876 ya kai aikinsa wurin masani Ferdinand Cohn a Breslau, aka buga shi. Ya bar Wollstein a 1880 ya koma Berlin, ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ya sami kyautar Nobel a 1905. Gidan da ya zauna a Wolsztyn an mai da shi gidan tarihi.

Daga harshe sai aka koma kan ƙasa. A 1886 gwamnatin Furushiya ta kafa wata hukuma, ta ba ta mak miliyan 100, watau wajen fam miliyan 5 na kuɗin Ingila na wancan zamani, don ta sayi gandaye a lardunan Posen da Furushiya ta Yamma ta zaunar da manoma Jamusawa. An yi ta ƙara mata kuɗi, amma har ƙarshenta iyalan da ta zaunar ba su wuce wajen 22,000 ba. 'Yan Folan suka kafa nasu bankuna da ƙungiyoyin taimakon juna, suna sayen gandaye suna yankawa suna sayar wa talakawansu. Gona ta yi tsada, Jamusawa da yawa kuma suka sayar da nasu suka tafi neman aiki a masana'antun yamma. Da gwamnati ta ga haka, sai ta yi wata doka a 1904, cewa ba mai gina gidan zama a sabuwar gona sai da iznin hukuma, hukuma kuwa tana iya hanawa in ginin ya saɓa wa manufar dokar 1886. Ba a ambaci ɗan Folan a cikin dokar ba, amma kowa ya san wanda a ke nufi.

A cikin Gundumar Bomst ne wannan doka ta gamu da gamonta. Wani manomi talaka, Michal Drzymala, ya sayi 'yar gona a ƙauyen Podgradowice kusa da Rakwitz a 1904. Ya nemi iznin gini, aka hana shi. Sai ya sayi wani tsohon keken doki mai ɗaki a bisa, irin na masu yawon wasa gari gari, ya kai gonarsa, ya shiga da iyalinsa. Hukuma ta ce abin da ya tsaya wuri ɗaya kwana guda gida ne. Sai ya riƙa tura keken gaba kaɗan kowace rana. Aka ci shi tara, aka ɗaure shi, aka koma kan murhun da ya ke cikin keken, aka ce ya saɓa wa dokar tsaron gobara. Jaridun Turai suka ɗauki labarin suna yi wa gwamnatin Jamus dariya, 'yan Folan suka yi karo-karo suka saya masa sabon keke. A ƙarshe dai hukuma ce ta yi nasara a kotu, ya sayar da gonar ya tashi. Amma babbar daula mai rundunar da Turai duka ta ke tsoro ta yi shekaru tana shari'a da manomi guda a kan murhu, ba ta kuma fita da mutuncinta cikakke ba.

A ƙidayar 1910 mutanen gundumar sun wuce 60,000, masu Jamusanci da masu harshen Folan kuwa kusan kai ɗaya su ke. Sai dai ƙidaya tana da nata aibi. Takarda tana tambayar harshen uwa, amma ba ta faɗin wace ƙasa mutum ya ke so ya zauna a ciki. Mutumin Chwalim yana magana kamar ɗan Folan, amma majami'arsa ɗaya da ta Bajamushe. Bajamushe Katolika kuwa yana iya auren 'yar Folan, 'ya'yansu su tashi da harshe biyu. Ƙauyukan kuma ba a jere su ke ba, waɗannan a gabas waɗancan a yamma, a cakuɗe su ke kamar gero da dawa a masussuka ɗaya.

Da Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Farko, 'yan Folan suka yi bore a Posen ran 27 ga Disamba, 1918. A farkon Janairu, 1919, suka kama Wollstein, kafin watan ya ƙare suka shiga Bomst da Unruhstadt. A watan Fabrairu sojojin Jamus suka ƙwato waɗannan garuruwa biyu, sa'an nan ran 16 ga watan aka tsai da faɗa bisa umurnin ƙasashen da suka ci yaƙi. Yarjejeniyar Versailles, wadda aka sa wa hannu ran 28 ga Yuni, 1919, ta fara aiki ran 10 ga Janairu, 1920, ita ta ja layi ta tsakiyar gundumar. (Wannan yarjejeniya ce kuma ta raba Jamus da Kamaru, har Dikwa da wani sashe na Adamawa suka komo ƙarƙashin riƙon Ingila.) Mafi yawan gundumar, da Wollstein da Rakwitz, suka koma sabuwar ƙasar Folan. Wani siririn yanki na yamma, da Bomst da Unruhstadt, ya saura a Jamus.

Kowane gefe ya sami nasa baƙin ciki. A gefen Folan aka kafa gundumar Wolsztyn, aka tuɓe Landrat aka naɗa shugaba mai laƙabin Starosta, harshen ofis ya juya. Aka ba Jamusawa shekara biyu su zaɓa, ko su zama 'yan ƙasar Folan ko su riƙe zamansu na Jamusawa, da yawa kuwa suka tattara suka tafi, musamman ma'aikata da malamai da 'yan kasuwa. A gefen Jamus kuwa aka bar ƙauyukan 'yan Folan tsantsa, kamar Nowe Kramsko da Podmokle, waɗanda samarinsu suka yi yaƙi don Folan, ga shi sun wayi gari a bayan iyaka. Sai a 1929 aka yarda suka buɗe makarantu da harshensu. Ita kuwa guntuwar gundumar da ta saura, ba ta da hedkwata, sai daga Züllichau a ke gudanar da ita, wani gari da ba ya ma cikinta. Hankali zai ce a haɗe ta da maƙwabciyarta a huta. Amma gwamnatin Furushiya ta ƙi, ta tattara irin waɗannan guntaye ta yi musu lardi a 1922, mai hedkwata a Schneidemühl, ta sa masa sunayen lardunan Posen da Furushiya ta Yamma da ta rasa, don duniya ta san ba ta haƙura ba. Watau an riƙe gunduma ba don amfanin mutanenta ba, sai don ta zama shaidar da'awa.

Gwamnatin Hitler ce ta rushe wannan lardi ran 1 ga Oktoba, 1938, ta shafe Gundumar Bomst. Aka ba gundumar Züllichau da ke Lardin Brandenburg garuruwan Bomst da Unruhstadt, waɗansu ƙauyukan kudu kuma aka ba gundumar Grünberg ta Silesiya. Shekara guda bayan haka, a Satumba, 1939, Jamus ta faɗa wa Folan, ta haɗiye Wolsztyn a cikin sabon lardin Wartheland. Abin da ya biyo baya ya wuce duk abin da muka faɗa a sama nesa ba kusa ba. Aka harbe shugabanni, aka kori iyalai daga gonakinsu aka tura su gabas, aka kwashi matasa aikin tilas. Makarantun 'yan Folan na gefen Bomst aka rufe su, malamai da shugabannin jama'a aka kai su sansanonin azaba. Yahudawan gundumar da ma sun ragu ƙwarai, domin da yawansu sun yi ƙaura zuwa manyan birane da Amurka tun ƙarni na 19, sauran kuwa mulkin Nazi ya ƙarasa kawar da su.

A Janairu, 1945, rundunar Tarayyar Sobiyet ta iso. Jamusawa da yawa suka gudu cikin ƙanƙara, waɗanda suka saura kuwa, har da zuriyar masaƙan nan da aka gayyato shekara 300 da suka wuce, aka kore su cikin shekaru biyu ko uku. Taron Potsdam ya matsar da iyaka yamma zuwa kogunan Oder da Neisse, aka kawo 'yan Folan da su ma aka raba da gidajensu a gabas, aka zuba su a gidajen da aka bari. Bomst ta zama Babimost, Unruhstadt ta zama Kargowa. Jamus ba ta rufe maganar iyakar nan ba sai da yarjejeniyar Nuwamba, 1990.

Gwamnatin Folan ta soke gundumomi duka a 1975, ta komo da su a 1999, amma ba ta mayar da tsohuwar Gundumar Bomst ba. Wolsztyn ta zama hedkwatar gundumarta a Lardin Wielkopolska, mai babban birni a Poznan. Babimost da Kargowa kuwa aka sa su a gundumar Zielona Gora ta Lardin Lubuskie, tare da Sulechow, watau tsohuwar Züllichau da ta riƙe su bayan rabo. Wanda ya tashi daga Wolsztyn ya nufi Kargowa, kafin ya isa zai ga allon da ya nuna ya bar lardi ya shiga wani, ba nesa da inda shingen kwastan ya ke a 1920 ba. Shi kuwa Drzymala, gwamnatin Folan ta ba shi gona a Grabowno, can ya rasu a 1937, aka kuma sake wa ƙauyen Podgradowice suna a 1939, aka ce masa Drzymalowo.